Yadda ake rage nauyin hoto ba tare da an ɓata shi ba

Shafin neman aiki ya ce hoton fasfo kada ya wuce 50KB, wayarka kuma ta ɗauko hoto mai nauyin 4MB. Hoton ya ninka abin da ake so sau tamanin ke nan. Wannan matsala ce ke tara jama'a a shagunan intanet na Gwagwalada da Nyanya da Kubwa a yankin Abuja duk lokacin da aka buɗe rajistar makaranta, ko ta bautar ƙasa, ko ta ɗaukar ma'aikata. Ita ce kuma ke cinye datar 'yan kasuwar Wuse masu tura wa kwastomomi hotunan atamfa da leshi tun safe har dare. Aikin ba shi da wuya, sai dai yana da tsari. Yawancin hotunan da ke fitowa dishi-dishi, an matse su ne kafin a rage girmansu, ko kuma an yi ta maimaita matsin a kan fayil guda.

Daga ina nauyin yake zuwa?

Hoton waya tarin ƙananan ɗigo ne masu launi, ana kiran kowane ɗaya fiksel. Kyamara mai 12MP tana fitar da hoto mai faɗin fiksel kusan 4000 da tsawon 3000, jimilla miliyan 12. Kowane fiksel yana buƙatar bayit uku (bayit shi ne ƙaramin ma'aunin nauyin fayil), na ja da na kore da na shuɗi. Da za a ajiye hoton yadda yake, da ya kai 36MB. Abin da ya sa kake ganinsa a 3MB ko 4MB shi ne wayar ta riga ta matse shi a tsarin JPEG, wanda aka fito da shi tun 1992. JPEG yana raba hoto gida-gida, kowane gida fiksel 8 a faɗi 8 a tsaye, sannan ya zubar da ƙananan bambance-bambancen launi da ido bai cika lura da su ba. Abin da ya zubar ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da shi.

Saboda haka hanyoyin rage nauyi uku ne: rage yawan fiksel, ƙara ƙarfin matsi, ko sauya nau'in fayil. Ta farko ta fi sauran tasiri nesa ba kusa ba, ita ce kuma mutane suka fi tsallakewa. Lissafinta shi ne, idan ka raba faɗi biyu, tsawo ma ya rabu biyu, fiksel ɗin da suka rage kashi ɗaya ne cikin huɗu. Hoton 4000 da 3000 da aka mayar 2000 da 1500 ya sauko daga miliyan 12 zuwa miliyan 3. Idan aka mayar da shi 1000 da 750, bai ma kai miliyan ɗaya ba. A fuskar waya, wadda faɗinta sau da yawa bai wuce fiksel 1080 ba, da ƙyar mai kallo zai gane an taɓa shi.

Abin da ke cikin hoton shi ma yana da nasa rabo. Hotuna biyu masu girma ɗaya suna iya bambanta nauyi sau biyu ko uku. Mutum a gaban farin bango hotonsa ba ya nauyi, domin bangon launi ɗaya ne, JPEG yana gama shi da 'yan bayanai kaɗan. Atamfa mai yawan zane, ganyen bishiya, taron biki, duk suna cin wuri. Hoton da aka ɗauka da dare ko a ɗaki mai ƙarancin haske yakan cika da ƙura-ƙuran ɗigo, waɗanda JPEG ke ɗauka tamkar wani abu ne mai muhimmanci, ya ɓata wuri wajen adana su. Wanda ya ɗauki hoton fasfo da rana, a inuwa, a jikin bango mai launi ɗaya, ya rage wa kansa rabin aiki.

Kafin ka taɓa komai

Duba girman hoton da nauyinsa. A Android, buɗe hoton ka ja shi sama, ko ka danna ɗigo uku ka zaɓi Details. A Windows, danna ɓangaren dama na linzami a kan fayil ɗin, ka shiga Properties sannan Details. Lambobi biyu kake nema: faɗi da tsawo a fiksel, da nauyi a KB ko MB.

Sannan ka kwafi hoton, ka yi aiki a kan kwafin. Wasu manhajoji suna rubutawa a kan na asali ba tare da sun tambaya ba. Hoton ɗaurin aure da aka mayar fiksel 800, ranar da aka so wanke shi babba a sa a firem, babu abin yi.

Sai ka yanke shawarar inda hoton za shi, domin wurin ne ke faɗin girman da ya dace. Na turawa a WhatsApp ko imel don a kalla a waya, fiksel 1280 zuwa 1600 a ɓangaren da ya fi tsawo ya isa, kuma yakan tsaya tsakanin 200KB da 500KB. Instagram faɗin 1080 yake amfani da shi, abin da ya haura haka shi zai rage da kansa. Na wankewa a takarda, ƙa'idar ita ce fiksel 300 a kowane inci, don haka hoto mai inci 4 da 6 yana son 1200 da 1800. Idan kuwa aikin fosta ne ko kalanda ko bana da za ka kai wa masu ɗab'i a Garki, kada ka rage komai. Ba su na asali a filashi, ko ka tura musu shi ta WhatsApp a matsayin Document.

Tsarin aikin: yanka, rage girma, matsa

Fara da yanke abin da ba a buƙata. A hoton fasfo, kai da kafaɗu ake so, da ɗan fili a saman kai. Rufin ɗaki da ƙofa da rabin jiki duk su tafi. Yawanci wannan kaɗai yana zubar da fiye da rabin fiksel ɗin, ba tare da fuskar ta rasa komai ba.

Bayan yanka sai rage girma. A nan ka tabbata alamar da ke ɗaure faɗi da tsawo tana kunne, wadda ke kama da sarƙa ko kwaɗo, ko akwatin da aka rubuta Maintain aspect ratio. Idan a kashe take, ka rubuta 600 da 600 a kan hoton da ba murabba'i ba, fuska za ta fito a baje ko a miƙe, kuma irin wannan hoton ake mayar wa mutum da shi. Idan murabba'i aka nema, da yanka ake samar da shi, sannan a rage.

Matsi shi ne na ƙarshe. Yawancin manhajoji suna ba da lamba daga 1 zuwa 100. Tsakanin 75 da 85 nan ne wurin zama: nauyi yana sauka sosai, ido kuma bai cika ganin bambanci ba. Lamba 100 asara ce, tana iya ninka nauyin fayil ba tare da wani kyau da za a nuna ba. Daga 60 zuwa ƙasa ɓarna take fara bayyana. Za ka ga gidajen nan na fiksel 8 sun fito a sararin sama ko a kumatu, gefen rubutu ya yi ƙazanta, jan launi ya malala ya shiga maƙwabcinsa. Lambobin ba daidai suke a kowace manhaja ba, 80 na wannan na iya zama 70 na waccan, don haka ka faɗaɗa hoton ka duba idanu da gefen hula ko ɗankwali kafin ka amince.

Idan ka sauko zuwa 70 kuma har yanzu nauyin ya wuce iyaka, kada ka ci gaba da matsawa. Koma kan kwafin farko ka ƙara rage fiksel. Hoto mai 400 da 400 a lamba 80 ya fi mai 1200 da 1200 a lamba 20 kyau, ko da nauyinsu ɗaya.

Komawa kan kwafin farko yana da dalili. Duk lokacin da aka buɗe JPEG aka gyara aka sake ajiyewa, sabon matsi ne ke hawa kan tsoho. Kamar fotokwafin fotokwafi ne, na biyar ba ya karantuwa. Hoton da ya bi ta WhatsApp, aka sauke, aka ɗora a Facebook, aka sake saukewa, ya riga ya sha matsi sau uku kafin ya zo hannunka.

Da wace manhaja?

Ga mai waya ko kwamfuta da ke son hoto ɗaya ko biyu, Squoosh ya fi sauƙi. Shafi ne da injiniyoyin Google suka yi, ana buɗe shi a burauza a squoosh.app, kuma aikin a cikin na'urarka yake gudana, hoton ba ya tafiya ko'ina. Zaɓi hoton, kunna Resize, rubuta faɗin da kake so. A ƙarƙashin Compress ka bar shi a MozJPEG, wanda JPEG ne na yau da kullum da kowane shafi ke karɓa. Ja ma'aunin Quality kana kallon nauyin da ke sauyawa a ƙasa. Akwai layi a tsakiyar hoton da za ka ja hagu da dama, ɓangare ɗaya na asali, ɗaya wanda aka matsa. Idan ya yi maka, danna alamar saukewa. Aibinsa ɗaya, hoto ɗai-ɗai yake yi.

A Windows, Paint yana rage girma: danna Resize, zaɓi Pixels, rubuta lamba, sannan Save as ka zaɓi JPEG. Amma ba ya barinka ka zaɓi ƙarfin matsi. Manhajar Photos ta Windows 11 ta fi shi a nan, domin a ƙarƙashin ɗigo uku akwai Resize image, da ma'aunin inganci, kuma tana nuna sabon nauyin kafin ka ajiye. A Mac, Preview ne: Tools sannan Adjust Size, daga nan File sannan Export.

Mai iPhone yana da tasa matsalar daban. Tun daga 2017 wayoyin Apple suke ajiye hoto a tsarin HEIC, wanda nauyinsa kusan rabin na JPEG ne, amma shafukan rajista da yawa ba sa karɓarsa, wasu kwamfutocin shago ma ba sa buɗe shi. Don hotuna masu zuwa, shiga Settings, Camera, Formats, ka zaɓi Most Compatible. Don wanda aka riga aka ɗauka, ajiye shi a Files, danna shi ka riƙe, zaɓi Quick Actions sannan Convert Image, ka ɗauki JPEG da girman da kake so. Goge .heic daga sunan fayil a rubuta .jpg ba ya sauya komai. Sunan ne ya canza, cikin yana nan, kuma shafin zai ce fayil ɗin ya lalace.

Mai hotuna ɗaruruwa, kamar mai ɗaukar hoton biki ko ofishin da ke haɗa rahoton aiki, IrfanView zai nema a Windows. Danna harafin B, akwatin Batch conversion zai buɗe. Zaɓi JPG, sa inganci a 80 ta Options, kunna Use advanced options, a ciki ka sa ɓangare mai tsawo ya zama 1600, ka kuma yi alama a inda aka ce kada a ƙara girman ƙananan hotuna. Abu mafi muhimmanci, ka zaɓi wata folda dabam da sababbin za su shiga. Hotuna 300 masu 4MB sun kai 1.2GB. Bayan wannan aikin sukan dawo kusan 100MB.

Manhajojin rage hoto na kyauta sun yi yawa a Play Store, wasu suna aiki lafiya. Amma wadda ta nemi izinin ganin lambobin wayarka ko saƙonninka don ta rage hoto, cire ta.

Hoton fasfo da iyakar KB

Karanta sharaɗin shafin da kyau, domin abu uku yakan faɗa: nau'in fayil, girma a fiksel, da nauyi. Kowane shafi da nasa, kuma sukan sauya daga shekara zuwa shekara. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne fom ɗin bizar Amurka na DS-160: hoton dole ya zama JPEG, murabba'i, daga 600 da 600 zuwa 1200 da 1200, nauyi kada ya wuce 240KB. Hoto mai 600 da 600 a lamba 85 yana shiga wannan iyaka cikin sauƙi. Hoton fasfo mai milimita 35 da 45, wanda ƙasashen Turai da dama ke nema, daidai yake da fiksel 413 da 531 idan an lissafa da fiksel 300 a kowane inci.

Inda aka ce 50KB, gwada 400 zuwa 450 a faɗi, inganci 75. Inda aka ce 20KB, sauko zuwa 250 ko 300, inganci 70. Waɗannan wurin farawa ne, bango da kayan da aka sa su za su yanke hukunci. Kada ka tsaya a bakin iyaka. Wasu na'urori suna ƙirga KB ɗaya a matsayin bayit 1000, wasu 1024, don haka hoton da wayarka ta ce 50KB ne, shafin yana iya ganin ya haura. Nemi 45. Wasu shafukan kuma suna da mafi ƙarancin nauyi, su ce daga 20KB zuwa 50KB, wanda ya matse hotonsa zuwa 9KB shi ma a ƙi shi.

Akwai wani nauyi da ba a gani. Kowane hoton waya yana ɗauke da bayanan da ake kira EXIF: samfurin wayar, ranar ɗauka, ƙaramin kwafin hoton, wani lokaci har da ainihin wurin da aka tsaya idan GPS na kunne. A hoton 4MB ba a jin su, amma a iyakar 20KB suna iya cinye kaso mai yawa. Squoosh yana zubar da su. Wannan ma kariya ce ga mai tallan kaya daga gida, don kada hoton turare ko kayan ɗaki ya nuna wa baƙo unguwa da layin da yake. Illa ɗaya, a cikin EXIF ne wayar ke rubuta ta wane gefe aka riƙe ta, kuma wasu manhajoji idan sun cire shi hoton yakan kwanta. Buɗe sabon fayil ɗin ka duba kafin ka ɗora.

Dabarar tura wa kai hoto a WhatsApp don ya ragu tana aiki, tana mayar da shi kusan fiksel 1600, amma ba kai ke da iko da sakamakon ba, kuma da wuya ya sauko ƙasa da 50KB. Ɗaukar hoton allo na hoton kuwa ya fi muni: yana shigo da baƙin fili sama da ƙasa, kuma a wayoyi da yawa PNG yake fitowa, wanda kan fi JPEG nauyi.

Takardun shaida da sa hannu

Takardar kammala makaranta, ta haihuwa, ko ta shaidar ƙaramar hukuma, abin da ake so shi ne rubutu da hatimi su karantu. Takardar A4 da aka yi wa sikanin a DPI 300, wato ɗigo 300 a kowane inci, tana fitowa 2480 da 3508, ta yi yawa ga yawancin shafuka. A 150 tana fitowa 1240 da 1754, kuma rubutu na yau da kullum yana karantuwa. Idan akwai ƙananan rubutu a ƙasan takardar, yi 200. Mayar da ita baƙi da fari mai inuwa yana ƙara rage nauyi, sai dai idan an ce ana son launin hatimin ya fito. Da waya kuwa, shimfiɗa takardar a ƙasa kusa da taga, ka tsaya daidai samanta ba a karkace ba, ka kashe filasha domin takardar da aka yi wa leda tana mayar da haske. Rubutu ya fi fuska saurin lalacewa a JPEG, kada ka sauko ƙasa da 70.

Sa hannu a yi shi da baƙin biro a farar takarda mara layi, a yanke dab da rubutun, a mayar kusan 300 da 100. Ba zai wuce 'yan KB ba.

Katin NIN, shafin bayanan fasfo na tafiya da takardun banki, kada a ɗora su a kowane shafin rage hoto da bincike ya nuno. Yawancinsu suna kwashe fayil ɗin zuwa nasu kwamfutocin ne su matsa a can. Idan kuma a shago aka yi maka aikin, ka tsaya a goge fayilolin a gabanka, daga Downloads da Desktop har Recycle Bin.

PNG wurinsa tambari, zane, da hoton allo mai rubutu, inda ake son gefen haruffa ya fito tas ko bango ya zama babu launi. Ba ya zubar da komai, shi ya sa hoton mutum a PNG yake iya ninka na JPEG sau biyar ko fiye. WebP, wanda Google ya fitar a 2010, ya fi JPEG sauƙin nauyi kuma ya dace da mai shafin intanet, amma kada ka kai shi shafin rajista sai an ambace shi.

Wasu abubuwan kuma ɓata lokaci ne. Sauya lambar DPI daga 300 zuwa 72 ba tare da rage fiksel ba, ba ya rage ko bayit ɗaya, domin lambar umarni ce kawai ga firinta. Zuba hotunan JPEG a ZIP yana haɗa su wuri ɗaya, amma nauyin kusan yana nan, tunda an riga an matse su.

Rahoton Word ko PowerPoint da ya ƙi tafiya ta imel, kusan kullum hotunan ciki ne. Jan kusurwar hoto a cikin Word yana rage yadda ake ganinsa ne, cikakken nauyinsa yana nan a fayil ɗin, har da ɓangaren da aka yanke. Danna hoto ɗaya, shiga Picture Format, zaɓi Compress Pictures, cire alamar Apply only to this picture don ya shafi duka, bar alamar Delete cropped areas, ka ɗauki 150 ppi, wato fiksel 150 a kowane inci, idan a allo za a karanta ko 220 idan za a buga. Gmail yana tsayawa a 25MB, kuma fayil yana ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa idan ya shiga imel, saboda yadda ake sauya shi kafin a aika. Akwatin imel na wasu ofisoshi iyakarsa ta fi haka ƙanƙanta, don haka rahoton da zai je ma'aikata ka yi ƙoƙari ya tsaya ƙasa da 10MB.